Zakka, Wakafi da Ɗakin Kati: Bayani a kan Tallafin Karatu ga Ɗaliban Adana Bayanan Lafiya

 

Duk wanda ya duba jadawalin kashe kuɗi da ke ƙarshen wannan rahoto zai ga wani layi a ƙarƙashin tallafin karatu wanda babu shi a rahotannin shekarun farko na Gidauniya, wato ɗaukar nauyin ɗalibai masu karatun adana bayanan lafiya. Wannan layi ya jawo tambayoyi fiye da girman kuɗin da ke cikinsa. Babu wanda ya taɓa neman bayani a kan abin da muke kashe wa ɗalibin likitanci ko ɗalibar ungozoma. Amma da aka karanto wannan a taron masu bayar da zakka, sai wani dattijo daga cikin iyayenmu 'yan kasuwa, wanda ya daɗe yana damƙa mana zakkarsa, ya miƙe ya tambaya cikin ladabi ko ya halatta a ɗebi haƙƙin talakawa a koyar da mai yankan kati, aikin da a ganinsa duk wanda ya iya rubuta suna zai iya yi. Amsar da na ba shi a ranar gajeriya ce, ni kaina ban gamsu da ita ba. Kwamitin amintattu ya umarce ni in faɗaɗa ta a rubuce, domin tambayar tana kan hanya, kuma mai dukiya yana da haƙƙin sanin inda amanarsa ta sauka.

Abin da na gani a tagar kati

Asalin wannan shiri daga asusun jinya ya fito. Shekaru kaɗan da suka wuce na raka wata baiwar Allah da mijinta ya rasu, tare da ɗanta mai fama da amosanin jini, zuwa wani asibiti da yaron ya daɗe yana zuwa. Ƙaramin katin da ke hannunta ya sha ruwa da gumi har lambar ta dushe. Muka tsaya a taga tun hantsi har aka kira azahar, ba a ga fayil ɗin yaron ba. Daga ƙarshe aka buɗe masa sabo, farar takarda babu komai a ciki. Likitan da ke aiki a ranar bai taɓa ganinsa ba. Ya tambayi uwar maganin da ake ba shi, ta ce akwai ƙaramar farar ƙwaya da wata ruwan ɗorawa. Ta tuna cewa an taɓa yi masa wata allura jikinsa ya kumbura, amma ba ta san sunanta ba. Dole aka sake gwaje-gwajen da Gidauniya ta riga ta biya kuɗinsu watanni kaɗan kafin wannan, muka sake biya daga dukiyar zakka. Likitan kuma ya rubuta magani yana ɗari-ɗari, domin bai san wanne ne ya taɓa cutar da yaron ba.

Ban ga laifin likitan ba, ban kuma ga laifin uwar ba. Da na leƙa ta taga sai na ga fayiloli ɗaure da igiya, tuli-tuli a ƙasa, da wani matashi shi kaɗai yana ta tono da iyakar ƙoƙarinsa. Ya gaya mini cewa daga wani sashe aka kawo shi don ya taimaka, ba a taɓa koya masa aikin ba.

Shi kuwa aikin ilimi ne mai ƙa'idoji. Tushensa shi ne kowane majiyyaci ya kasance da lamba ɗaya tak a asibiti tsawon rayuwarsa, duk abin da aka yi masa a ɗakin ganin likita ko ɗakin kwanciya ko tiyata ko awon ciki ya taru a ƙarƙashinta. Akwai babban jerin sunaye da ake komawa gare shi idan kati ya ɓace, a nemo lambar daga suna da unguwa da sunan makusanci. Akwai katin da ake ajiyewa a gurbin duk fayil ɗin da ya fita, mai nuna wanda ya karɓa da ranar da ya karɓa. Har jera fayilolin a kan kanta yana da hikima. A manyan asibitoci da lambobin ƙarshe ake jerawa: fayil mai lamba 14-62-37 yana zuwa sashe na 37, a cikinsa a nemi 62, sannan 14. Da haka sababbin fayiloli ke watsuwa a sassa ɗari maimakon su cunkushe a kusurwa guda, kuma kuskuren ajiya yana saurin bayyana.

A ƙasarmu akwai wahalar da ta ƙaru a kan wannan. Sunayenmu suna maimaituwa ƙwarai. A wuni ɗaya ana iya samun mata biyar masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya a layi guda. Mace ɗaya a rubuta ta A'isha yau, Aishatu gobe, Indo jibi. Wata ba za ta ambaci sunan mijinta ko na ɗanta na fari ba saboda alkunya. Da yawa daga cikin dattawanmu ba su san ranar haihuwarsu ba sai dai su kwatanta da wata yunwa ko sarautar wani sarki. Ga kuma al'adar aron kati, inda mace za ta karɓi na kishiyarta ko na maƙwabciya don gudun kuɗin yankan sabo, ba tare da sanin cewa rukunin jinin wata da cututtukan wata ne likita zai karanta a kanta ba. Mai zama a wannan taga yana bukatar horo da haƙuri da sanin mutanensa, ya iya yi wa tsohuwa tambayar da za ta fito da gaskiya ba tare da ya kunyata ta ba.

Daga fayil zuwa ƙididdigar ƙasa

Yankan kati shi ne ɓangaren da jama'a ke gani. Bayan an sallami majiyyaci, jami'in adana bayanai yana duba fayil ya tabbatar likita ya rubuta cutar da aka gano da yadda jinya ta ƙare, sannan ya mayar da sunan cutar zuwa lamba bisa tsarin rarraba cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ake kira ICD. A bugu na goma na wannan tsari, kwalara ita ce A00, ƙyanda B05, zazzaɓin cizon sauro daga B50 zuwa B54, amosanin jini D57, jijjigar masu ciki O15, zubar jini bayan haihuwa O72. An amince da bugu na sha ɗaya a 2019, ya fara aiki a watan Janairun 2022, kuma ƙasashe suna komawa gare shi sannu a hankali. Amfanin lambar shi ne cutar da aka rubuta a Gusau ta zama daidai da wadda aka rubuta a Maiduguri ko Damagaram, a iya tara su a ƙirga. Wanda bai karanci sassan jikin mutum da kalmomin likitanci ba ba zai iya wannan ba, shi ya sa ɗalibanmu suke karanta su tare da ƙididdiga da kwamfuta da dokokin aiki.

A ƙarshen kowane wata, kowace cibiyar lafiya tana taƙaita abin da ke cikin rajistocinta a fom guda, a tura wa ƙaramar hukuma, a shigar a manhajar DHIS2, wadda aka ƙirƙira a Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway kuma Najeriya ta ɗauke ta a matsayin rumbun bayanan lafiyarta. Daga nan ne jiha da tarayya da ƙungiyoyin agaji ke duba inda za a kai maganin zazzaɓi da gidan sauro da allurar rigakafi. Cibiyar da rajistarta ta rubuta rabin abin da ta gani, rabin kasonta za a ɗauka tana bukata. Wasu cututtukan kuma, irin su sanƙarau da kwalara da mashaƙo, ba a jiran ƙarshen wata. Da an ga wanda ake zargi ake kai rahoto ga jami'in sa ido na ƙaramar hukuma, har ya isa hukumar NCDC.

Mun ɗanɗana abin da rashin ƙirga ke haifarwa. A farkon 2010 yara suka yi ta mutuwa a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara, kowane gida yana ɗaukar abin da ya same shi ƙaddara ce tasa shi kaɗai. Sai da ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, waɗanda suka shiga yankin don sa ido kan sanƙarau, suka lura da yawan mace-macen, sannan bincike ya gano gubar dalma ce daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara fiye da 400 suka rasu. A ɗaya gefen, lokacin da aka tabbatar da kuɓutar Afirka daga ƙwayar shan inna ta daji ranar 25 ga Agusta 2020, shekara huɗu bayan na ƙarshe da aka gani a Borno, hujjar da aka dogara da ita takardu ne: rahoton kowane yaro da ƙafarsa ta saki, da ranar da aka ɗauki samfurinsa, da sakamakon gwajinsa, shekara da shekaru.

Matsayinsa a Shari'a

Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya lissafa likitanci da lissafi cikin farillan kifaya a farkon littafinsa Ihya'u Ulumiddin, har ya koka da yadda garuruwa suka cika da masu zurfafawa cikin rassan fiƙihu alhali babu likita Musulmi ko ɗaya a cikinsu. Ƙa'ida ce sananniya wurin malaman usulu cewa abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. A zamanin da likita ɗaya ke duba mutanen gari guda da ya san su da iyayensu, ƙwaƙwalwarsa ta isa. A yau da majiyyaci ke ratsa hannun ma'aikata goma a kwana uku, wannan ya tafi wancan ya karɓa, rubutu ne kaɗai ke haɗa su, don haka kiyaye shi ya shiga cikin jinyar kanta.

Magabata ma sun yi haka. Abubakar Ar-Razi, wanda ya shugabanci asibitin Rayyu da na Bagadaza kuma ya rasu wajajen 925 Miladiyya, ya kasance yana rubuta halin majiyyatansa ɗaya bayan ɗaya, kuma daga takardun da ya bari aka haɗa babban littafinsa Al-Hawi bayan rasuwarsa. Matafiyin nan na Andalus, Ibnu Jubairu, da ya shiga Dimashƙa a 1184, ya ba da labarin asibitin da Sarki Nuruddin ya gina, ya ce akwai ma'aikata masu riƙe da rajistoci ɗauke da sunayen majiyyata da abin da ake kashewa na magani da abincinsu, likitoci kuma suna zagayawa da sassafe. Irin waɗannan asibitoci da dukiyar wakafi aka riƙa tafiyar da su. Ashe ke nan biyan mai riƙe rajistar asibiti daga wakafi abu ne da aka yi fiye da shekara ɗari takwas da suka wuce.

Akwai wani ɓangare da ni, a matsayina na ɗalibin ilimin addini, ya fi jan hankalina, wato yadda hukunce-hukuncen Shari'a da dama suke rataye da abin da aka rubuta a asibiti. A mazhabarmu ta Malikiyya jariri ba ya gado, ba a gadonsa, ba a kuma yi masa salla, sai ya yi kuka bayan haihuwa ko rayuwarsa ta tabbata. Su kuwa likitoci suna ƙirga jariri cikin waɗanda aka haifa da rai da zarar ya nuna wata alama, ko da bugun zuciya ne kawai. Ma'aunan biyu sun bambanta, saboda haka alƙali yana bukatar cikakken bayanin abin da ya faru a ɗakin haihuwa, da tsawon lokacin da jaririn ya yi kafin ya koma. Haka nan idan uba da ɗa suka rasu a haɗarin mota ba a san wanda ya riga ba, jumhurun malamai, ciki har da Imamu Malik, sun tafi a kan ba sa gadon juna. Amma idan fayil ya nuna uban ya cika da ƙarfe biyu na rana, ɗan ya kai har la'asar, to ɗan ya gaji ubansa, kason kuma ya gangara zuwa ga nasa magadan. Gida ko gona na iya sauya hannu saboda sa'o'i biyu da wani ya rubuta ko ya yi sakaci bai rubuta ba. Takaba ma daga ranar rasuwa ake ƙirga ta, ta mai ciki kuma da haihuwa take ƙarewa.

Sai batun sirri. Mai aikin ɗakin kati ya san wanda ke ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, da wadda ta yi ɓari ba ta gaya wa dangin miji ba, da wanda ake dubawa a sashen ƙwaƙwalwa, kuma sau da yawa 'yan unguwarsa ne. Tun da Jihar Kano ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a 2024, takardun da ke iya ɗaura aure ko wargaza shi sun ƙaru a hannun irin waɗannan ma'aikata. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa kowace cibiya adana bayanan majiyyata, ta kuma haramta bayyana su sai da rubutaccen izinin mai su, ko umarnin kotu, ko inda ɓoyewar ke barazana ga lafiyar jama'a. Dokar kare bayanai ta 2023 ta ƙara tsanantawa. Mu kuma mun san cewa kare mutunci yana cikin manufofin Shari'a, kuma tona asirin majiyyaci ha'inci ne tun kafin a rubuta wata doka. Wannan ne ya sa a tantancewarmu muke neman shaidar hali daga malamin ɗalibi da mai unguwarsa, kuma mun taɓa ajiye takardar mai sakamako mai kyau saboda an shaide shi da sakin baki.

Wace dukiya, ga wane ɗalibi

A nan tambayar dattijon ta fi ƙarfi, domin kasancewar abu farillar kifaya ba ta mayar da shi wurin zuba zakka. Allah ya iyakance masu cin zakka zuwa kashi takwas a aya ta 60 ta Suratut Tauba. Wasu malaman zamani sun faɗaɗa kason tafarkin Allah har ya haɗa da ilimi da ayyukan alheri, amma Malikiyya sun taƙaita shi ga jihadi, majalisar malamanmu kuma ta zaɓi kada mu dogara da faɗaɗawar. Saboda haka duk ɗalibin da ya karɓi zakka a wannan shiri, talaucinsa ne ya ba shi, kwas ɗin da yake karantawa dalili ne kawai na fifita shi a kan wani matalaucin idan kuɗi bai isa kowa ba. A cikin Mukhtasar na Shehu Khalil an halatta ba wa matalauci zakka ko da yana da ƙarfin yin sana'a, an kuma halatta a ba shi abin da zai ishe shi shekara guda. A kan wannan muka gina: kuɗin makaranta da abinci da wurin kwana na shekara ɗaya, a sake duba halinsa idan shekara ta zagayo.

Zakka mallakarwa ce, abin da malaman fiƙihu ke kira tamliki. Idan muka tura kuɗi kai tsaye zuwa asusun makaranta, muna yin haka ne bayan ɗalibin ya wakilta mu a rubuce, domin kuɗin nasa ne. Daga wannan wata mas'ala ta taso wadda ta ɗauke mu zama fiye da ɗaya. Wasu amintattu sun so a sa kowane ɗalibi ya rattaba hannu cewa zai yi aiki a karkara na wasu shekaru bayan kammalawa, in ya ƙi ya mayar da kuɗin. Niyyar kyakkyawa ce, amma malamai suka ce ba a gindaya wa matalauci sharaɗin aiki ko biya a kan abin da yake haƙƙinsa ne. Abin da za a iya shi ne nasiha da alkawari na mutunci. Allah Shi ne mafi sani.

Wakafi, ko hubusi kamar yadda aka fi kiransa a Kano, ya fi faɗi. Ana bin sharaɗin wanda ya tsayar da shi matuƙar bai saɓa wa Shari'a ba, don haka mai wakafi yana iya cewa ribar rumfarsa ta tafi ga ɗaliban wannan fanni kaɗai, ko ga mata, ko ga 'yan wata gunduma, ko ga wanda ya yarda ya koma ƙauyensu ya yi aiki. Malikiyya sun halatta wakafi na ɗan lokaci da na kayan da ake ɗauka, abin da ya buɗe ƙofa ga wanda ba shi da gida ko gona da zai tsayar har abada. Da wakafi muke rufe gurabun da zakka ba ta shiga. Misali, budurwar da mahaifinta ke da wadata ba matalauciya ba ce a Shari'a, tunda ciyar da ita na wuyansa har ta tare a gidan miji, haka ma matar aure da mijinta ke iya ɗaukar nauyinta. Amma mun ga da yawa waɗanda ana ciyar da su ana tufatar da su, kuɗin makaranta ne ba za a biya ba. Muna kuwa bukatar mata a wannan aiki ƙwarai, domin mace mai awon ciki ta fi sakin jiki ta faɗa wa 'yar'uwarta gaskiyar shekarunta da yawan cikin da ta yi.

Wani dalilin haɗa dukiyoyin biyu shi ne zakka tana hawa da sauka tare da damina da kasuwa, alhali karatun ba ya jira. Kuɗin hayar shaguna ya fi tabbata. Ƙa'idarmu ita ce ba mu ɗaukar sabon ɗalibi sai mun ware abin da zai kai shi shekara ta biyu daga ribar wakafi, ko da zakkar baɗi ta yi ƙasa. Sakin ɗalibi a tsakiyar hanya ɓarnar abin da aka riga aka kashe ne.

Hanyar karatun da inda ake tuntuɓe

Aikin yana da hukumar da ke kula da shi, wato Hukumar Rajistar Jami'an Adana Bayanan Lafiya ta Najeriya, HRORBN, wadda aka kafa da doka mai lamba 39 ta 1989. Ita ke yi wa ɗalibai rajista, ta shirya jarrabawar ƙwarewa, ta ba da lasisi. Akwai makarantun wannan fanni a asibitocin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Jami'ar Maiduguri, ban da kwalejojin fasahar lafiya na jihohi. Ƙaramar difloma shekara biyu ce, babbar difloma ma shekara biyu, ƙarƙashin kulawar hukumar NBTE da ke Kaduna. Ana neman kiredit biyar a jarrabawar kammala sakandare, ciki har da Turanci da Lissafi da darussan kimiyya. Wannan gajartar lokaci tana cikin abin da ya ja hankalinmu: ɗan talaka ko maraya da ba zai iya jure shekara shida na likitanci ba yana iya riƙe takardar aiki cikin shekara biyu.

Ba mu biyan kuɗi ga makarantar da ba mu tabbatar da amincewar waɗannan hukumomi gare ta ba. Kwalejojin lafiya masu zaman kansu sun yawaita, wasu nagari ne, wasu kuma suna karɓar kuɗin iyaye su sallami yara da takardar da ba ta kai su ga lasisi. Mun karɓi koken iyaye da suka sayar da dabbobi saboda irin wannan, kuma babu abin da za mu iya yi musu bayan aikin gama ya gama.

Abin da muka koya daga ɗalibanmu shi ne ba kuɗin shiga ne ya fi kayar da su ba, domin dangi sukan haɗa hannu a shekarar farko saboda murna. Ƙananan kuɗaɗen da ke biyo baya ne: rajista da hukuma, kuɗin mota da abinci a watannin koyon aiki a asibiti, kuɗin jarrabawar ƙwarewa, da na lasisi. Akan samu wanda ya gama karatu sarai ya zauna a gida shekara guda saboda bai iya biyan jarrabawar ƙarshe ba. Don haka muka mayar da tallafin ya bi ɗalibi har ya karɓi lasisi. Muna kuma tambayar kowane mai nema ko ya samu rancen karatu na gwamnatin tarayya da aka fara a 2024, don kada a tara wa mutum ɗaya a bar wani, tare da lura da cewa wancan bashi ne ko da babu ruwa a kansa.

Ba zan ɓoye raunin shirin ba. Gidauniya ba ta ba da aikin yi. Cibiyoyin lafiya na matakin farko da yawa ba su da jami'in adana bayanai ko ɗaya, ma'aikacin lafiyar al'umma ne ke cike rajista da daddare bayan ya gaji da duba marasa lafiya, amma bukata daban, gurbin aiki mai albashi daban. Cikin waɗanda suka kammala akwai masu aikin sa kai da ke jiran a ɗauke su. Abin da ke ƙarfafa mu shi ne dokar inshorar lafiya ta 2022 da hukumomin taimakekeniyar lafiya na jihohi sun sa asibiti ba ya karɓar kuɗinsa sai ya gabatar da takardu ingantattu, kuma manyan asibitoci suna komawa adana bayanai a kwamfuta. Wanda ke zaton kwamfuta za ta kore wannan aiki bai ga yadda take ninka kuskure ba idan wanda ya shigar da suna bai san abin da yake yi ba. Duk da haka mun taƙaita yawan waɗanda muke ɗauka kowace shekara, kuma muna fifita 'yan ƙananan hukumomin da aka fi ƙarancin ma'aikata.

Komawar aiki kan kwamfuta ta kawo mas'alar ƙarshe da majalisar malamai ta yanke a bana. Ɗalibin babbar difloma yana bukatar kwamfutar tafi-da-gidanka, kuma tsadarta ta kai a yi tunani. Idan da zakka aka saya ta zama mallakinsa, ya tafi da ita. Aka zaɓi a saye su da kuɗin wakafi su zama hubusi, ɗalibi ya yi amfani da ita har ya kammala sannan ya miƙa wa na bayansa, gyara kuma daga ribar wakafin. Duk mai son tsayar da irin wannan, ko ya ware hayar shago ɗaya na wasu shekaru, ofishin sakatare yana da takardar sharuɗɗan.

A hutun ƙarshen zango mun roƙi wasu daga cikin ɗaliban su duba mana kundin masu karɓar tallafi na Gidauniya kanta. Suka tarar da mutum ɗaya an rubuta shi sau biyu da sunaye mabambanta, da waɗanda suka rasu ba a cire su ba, da mata biyu masu suna ɗaya da aka haɗe su wuri guda har ɗayar ta rasa kasonta na azumi ba mu sani ba. An nemo ta an biya ta, an kuma ba ta haƙuri. Yanzu kowane mai karɓa yana da lamba ɗaya, kuma da wannan sabon kundi aka fitar da alƙaluman da ke cikin rahoton bana.